Motar Da Ba Ta Da Kaya

Makon jiya samari biyu suka zo shagona da ke bayan tashar mota a Batsari, suka ce suna so in koya masu sana'a. Na tambaye su abin da suka sani game da ita. Babban cikinsu ya ce, "Ai Yallaɓai ba wani abu ba ne. Ka sauko da taswira daga intanet, ka saka mota, ka yi mata fenti, shi ke nan." Na ce su je su dawo jin amsa, domin na san halina. In na fara bayani da baki sai in yi ta kewaye-kewaye har mai saurare ya gaji. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Ban ce abin da zan faɗa haka yake a ko'ina ba. Abin da na gani ne a shago ɗaya, cikin shekara bakwai ko kusa da haka.

Bari in fara da kayan aikin, tunda su ne ke ruɗin mutane. Akwai kujerar tsohuwar bas da na saya wajen 'yan gwangwan, mai walda ya yi mata ƙafafu. Akwai sitiyari mai ɗan inji a cikinsa, wanda ke fizgar hannu idan taya ta faɗa rami. Akwai totur da birki da kuloci a ƙasa, da sandar giya a gefe, da allon talabijin a gaba. Kwamfuta tana ƙarƙashin tebur, sola biyu a kan rufi, batir a kusurwa. Fanka ɗaya ce a shagon, kuma ba ta mai zama kan kujera ba ce, ta kwamfutar ce. Na sha faɗa da mutane a kan juya fankar nan fiye da yadda na sha a kan komai.

Abin da ke cikin kwamfutar gem ne na tseren mota, amma ba irin na waya ba, wanda mota ke dukan gini ta wuce tana sheƙi. Wannan an yi shi ne ya kwaikwayi tuƙi na gaske. Yana lissafin nauyin mota, da yadda taya ke kama ƙasa, da zafin birki. In ka saki kuloci da gaggawa motar mutuwa take yi, kamar yadda za ta mutu maka a tsakiyar kasuwa. Saboda haka ne masu zuwa wajena suka kasu biyu: samari masu neman nishaɗi, da magidanta masu son su saba da ƙafa uku, wato totur da birki da kuloci, kafin su taɓa motar mutane.

Ni dai ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, amma ba a can na koyi zana hanya ba. Da na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai na zauna wata takwas a Katsina wajen wani mai zanen gidaje a kwamfuta. Mutum ne marar yawan magana. Wata guda ya sa ni ina zana matakalar bene ɗaya, kullum in ya duba sai ya ce, "Ka auna ko ka kintata?" In na ce na kintata sai ya goge. Daga wajensa na ɗauko ƙa'idar da nake aiki da ita: abin da ban auna ba, ba na sa shi. Na ɗauka ƙa'idar nan ta isa ta tsare ni daga kowane kuskure. Za ku ga yadda aka yi.

Shekara ta farko filin tsere kawai nake da shi, irin na ƙasashen waje, kwalta sumul, katanga dama da hagu, ka zagaya ka dawo inda ka tashi. Wata rana wani ɗan acaɓa ya cire hannu daga sitiyari ya ce, "Injiniya, mu fa mun gaji da zagaye. Shin motar nan ɗaure take? Ka buɗe mana ƙofa mu fita gari mana." Na kusa da shi ya ce, "Kuma motar ma kamar ta asibiti, fara fat. Ko sitika ɗaya babu." Aka yi dariya, ni kuwa na tafi gida da maganar. Sai da na yi mako biyu ina karanta sharuɗɗan masu gem ɗin, na tabbatar sun yarda mutum ya ƙara hanyarsa da motarsa, sannan na ce to.

Ga abin da samari ba su gane ba. A filin tsere kwamfuta ta san inda mota za ta bi. Bayan katanga babu komai, hoto ne kawai. Amma ranar da ka buɗe ƙofa, mai tuƙi na iya karya sitiyari hagu ya shiga gonar gero, kuma wallahi sai ya shiga, shi ne abu na farko da suke yi. To gonar nan sai ta kasance tana da ƙasa, ƙasar kuma tana da nata laushi. Kwalta daban, burji daban, rairayi daban, laka daban, kowanne sai ka gaya wa kwamfuta yadda taya ke kama shi. In ka manta taki ɗaya, mota za ta zurma ta ɓace, a bar mutum da sitiyari a hannu yana kallon sama. An yi mani haka gaban mutane, ba sau ɗaya ba.

Hanyar da na fara ginawa ita ce wadda ta fita daga Batsari ta nufi Safana. Na ari babur, na ɗaura waya a ƙirji, na ɗauki tef na awo da littafi. Kafin in auna ko taki ɗaya sai na fara zuwa wajen mai unguwar wurin, a gaisa, a tambayi Malam mahaifina da makarantarsa, sannan in faɗi abin da ya kawo ni. A yankinmu mutum mai waya yana ɗaukar hoton hanya ba abin wasa ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya tsargu ba. Wani mai unguwa ya sa mani sharaɗi biyu: kada in sa gidan kowa, kada in sa hanyoyin ƙafa da suka shiga daji. Na riƙe sharaɗin a ko'ina har yau. Inda awona ya tsaya, nan taswirata ta tsaya. Masu tambayata me ya sa ba a iya kaiwa ƙauyen Babban Duhu a cikin gem, amsar ke nan: ban auna ba.

Akwai wani gangare a hanyar, ba shi da tsawo sosai, amma a ƙarshensa akwai kwana, bayan kwanar kuma ƙaramar kwalbati wadda mota biyu ba su wucewa tare. Kwana tara na yi a kansa. Waya ba ta ba da tudu da kwari daidai, sai na ari tiyon ruwa irin wanda magina ke daidaita gini da shi, na riƙa kafa sanda kowane taki goma ina rubutawa. Masu shanu na wucewa suna gaishe ni, ina jin wasu sun ɗauka gwamnati ce za ta gyara hanya, har wani ya yi mani addu'a. Da na gama, ramuka uku da ke gefen dama duk suna nan a kwamfuta, kowanne da zurfinsa. In akwai aikin da na yi alfahari da shi, to gangaren nan ne.

Itatuwa ma sun ba ni wahala. Da farko duk bedi da kuka da ɗorawar da na gani sai da na zana ta reshe-reshe. Kwamfuta ta ɗau zafi, hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya, mai tuƙi ya taka birki sai bayan ya faɗa rami motar ta ji. Dole na mayar da na nesa hotuna biyu giciye da juna, na bar na bakin hanya kawai da jiki. Aikin wata biyu na goge da hannuna.

Sai batun kwalliyar mota. Nan ne na ga halin mutanen garinmu. Wannan yana son ja, wancan yana son baƙin gilashi, wani hon mai kukan tirela a jikin ƙaramar mota. Wani ya kawo hoton budurwarsa ya ce a manna a gilashin baya, na ce a'a, in wani ya hau bayanka fa? Mafi yawa rubutu suke so. Da aka fara neman in sa aya a goshin mota sai na kai wa Malam maganar. Ya tambaye ni, "Motar nan tana kifewa?" Na ce sau ashirin a rana. "Tana birgima a laka?" Na ce ita ce sana'arta. Ya ce, "To ka bar ayar a inda ake girmama ta." Na koma rubuta masu irin su Sai Haƙuri da Na Gode Inna. Abin ya karɓu, shago ya cika, ni kuwa na zauna a kan cewa gyaran mota yadda mai ita ke so, fenti ne da sitika da hon. Kuskurena ke nan, kuma ba ni ne na fara biyan sa ba.

Sanusi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, ya girme ni da shekara shida. Noma yake yi a ƙauyen Darini, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Noman ya yi wuya a shekarun nan kamar yadda kowa ya sani, sai wani ɗan kasuwar hatsi ya ce zai ba shi ƙaramar mota mai dogon but ya riƙa jigila ranakun kasuwa, in har ya iya tuƙi. Ya zo ya same ni.

"Injiniyan talabijin," ya ce, "an ce kana koya wa mutane tuƙin motar da ba ta shan mai."

Na ce, "Ana koya wa masu ƙwaƙwalwa. Kai kuwa ban sani ba, sai an gwada."

Wata biyu ya yi yana zuwa. Ban taɓa samun ɗalibi kamarsa ba, duk da ban faɗa masa ba, don kada ya samu abin yi mani gori. Ya haddace hanyar Safana kamar karatun allo. A gangaren nan na nuna masa wata kuka da ke hannun hagu, na ce, "In ka zo daidai da kukar nan, fara taka birki." Ya yi hakan sau ɗari ko fiye, kuma kowane lokaci motar na shiga kwana lafiya lau. Na kuma matsa masa ya ari mota ta gaske ya yi ta gwaji a filin ƙwallo, ya yi. Ya samu takardar tuƙinsa. A iya sanina ban bar wata ƙofa ba.

Ranar kasuwarsa ta farko aka yi masa lodi yadda ake yi wa kowa: buhunan masara a but har murfi bai rufuwa, an ɗaure da igiya, fasinja huɗu a baya, biyu a gaba. Ya zo gangare, ya zo daidai da kuka, ya taka birki. Motar ba ta tsaya ba. Ya karya sitiyari, gaban motar ya ƙi bi. Suka tsallake gefen kwalbati suka sauka cikin gonar wani. Allah ya tsare rayuka. Wata dattijuwa ta yi targaɗe a hannu, buhu uku suka fashe, ƙafar motar ta gaba ta lanƙwashe. Kafin la'asar mai mota ya karɓe makullinsa, kafin magariba dattawan tasha sun yanke cewa duk wanda ya koyi tuƙi a talabijin ba zai sake ɗaukar fasinja a wurinsu ba.

Washegari Sanusi ya zo shago. Bai yi mani wasa ba, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ranar da bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "A kukar na taka. Wallahi a kukar na taka." Na ce na sani. Na koma gangaren da tef da tiyo na sake aunawa, kwana biyu. Awona daidai yake, ko ɗan yatsa bai kauce ba. Wannan ya fi komai ɗaure mani kai, domin in hanya daidai take, to ina laifin yake?

A tashar akwai Baba Lawal, direba mafi tsufa, wanda in ya ce mutum ya iya to ya iya, in ya ce bai iya ba ko takarda goma gare shi sai ya koma gida. Na je na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya zo ya ga abin da idonsa. Sai da na je sau uku. A na ukun ya ce, "Don Malam zan je, ba don kai ba."

Da ya zo shago ya zauna a kujera, ya gyara babbar riga, ya taka kuloci ya sa giya. Ko minti biyu bai yi ba, ko gangaren bai kai ba, ya tsaya.

"Ɗan Malam, motar wa ce wannan?"

Na ce, "Irin wadda aka ba Sanusi ce, Baba. Na sa nauyinta da tsawonta da ƙarfin injinta yadda kamfani ya rubuta."

"Ina kayanta?"

"Wane kaya, Baba?"

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Mi ka karanta a jami'ar? Tunda kake, ka taɓa ganin mota ta fita tashar nan da direba shi kaɗai? Wannan ai amarya ce, ko tulu ba ta taɓa ɗauka ba. Ka auna rami, ka auna kuka, ka bar motar da yunwa."

Na buɗe fayil ɗin motar a gabansa. A layin nauyin da ke ciki, lamba ɗaya ce: nauyin mutum guda, direban tsere. Ban taɓa layin ba tun ranar da na fara. Wata takwas ina jin "ka auna ko ka kintata", kwana tara ina kafa sanda a rana, amma lodin motocin da ke wucewa ta ƙofar shagona kullum, har yana tare mani iska, ban gan shi ba.

Baba ya fito da ni ya kai ni gindin motarsa. Ya nuna mani robar da aka cusa a sufirin na baya don kada gindi ya taɓa ƙasa. Ya nuna mani tayoyi huɗu, duk 'yan gwanjo, babu biyu masu zane iri ɗaya. Ya nuna ƙarfen da aka walda a ƙasan but, da ƙugiyoyin igiya, da katakon da ake sawa kan birkin hannu don fasinja na biyu ya zauna. Ya ce, "Ga gyaran mota. Naka kwalliya ce." Na ce ko zai ba ni lambobin nauyin in sa. Ya yi dariya har da tari. "Lamba? Ranar kasuwa ka zo da asuba. Ka sa tsohuwar riga."

Haka na zama kwandasta ina da digiri. Kasuwa bakwai na bi shi. Na koyi cewa buhu mafi nauyi ciki ake tura shi, kusa da kujera, ba bakin but ba. Na koyi ƙullin igiya da ba ya kwancewa a burji, bayan da nawa ya kwance sau biyu aka yi mani ihu. 'Yan kamasho suka sa mani suna Farfesan Igiya. Na zauna a kan katakon nan na ji da jikina abin da ya faru da Sanusi: in kaya ya yi yawa a bayan tayoyin baya, gaban mota ɗagawa yake yi, sitiyari ya yi sakayau a hannu, kana juyawa mota na tafiya gaba abinta. A gangaren kuwa Baba ba ya jiran kuka. Tun daga kan tudu yake komawa giya ta biyu, ya bar inji ya riƙe motar, birki ɗan taɓawa kawai. Na tambaye shi a ina daidai yake fara ragewa, don in sa alama. Ya ce, "Ya danganta da abin da ka ɗauko. Kai kake neman itace ya yi maka tuƙi."

Daminar nan ita ce shekarata mafi muni a sana'a. Masu koyo suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Samari ma suka ragu, domin iyayensu sun ji labari, kuma labari in ya zagaya gari ba ya dawowa yadda ya fita. Na ji an ce mutum biyar suka mutu. Na ji an ce ni na ce wa Sanusi ya rufe ido. Wasu makonni hanya ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, sai mu zauna. Batir ɗina ya lalace a tsakiyar haka. Sanusi ya koma ƙwadago a gonakin mutane, in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwa kawai muke yi, irin ta baƙi. Malam bai ce mani in bari ba, bai ce in ci gaba ba. Abin da ya ce kawai, "Ɗan 'yar'uwata ka koyar, ba baƙo ba. Gyaran a wuyanka yake."

Awon kansa ba shi da daɗin ba da labari, amma shi ne aikin. Na kai buhu-buhu wajen sikelin masu hatsi: masara, gero, wake, kowanne da nasa nauyi, jiƙaƙƙe kuma ya fi busasshe. A wani fili bayan gari Baba ya riƙa taho da mota, in ya zo daidai da dutsen da na ajiye ya taka birki, ni kuma in bi da tef in auna inda ta tsaya. Babu kaya, rabin kaya, cikakken lodi, a busasshiyar ƙasa da bayan ruwa. Da cikakken lodi tazarar ta kusa ninka ta wadda ba kaya, a motarsa dai, ban ce kowace mota ba. Na koma na rarraba nauyin a fayil, na sassauta sufirin, na ba kowace taya nata kamun.

Gwajin farko Baba ya ce, "Nauyi ya zo, amma a mace yake. Buhu na zamewa, fasinja na jingina in an sha kwana. Naka an kafe su da ƙusa." Na yi sati uku ina sa kayan su ɗan motsa. Gwaji na biyu ya ce, "Birkinka mai gaskiya ne da yawa. Namu in ya sha gangare ya ɗau zafi, sai ka taka har ƙasa yana maka alkawari." Na koma. A raina na fara tunanin ko dattijon nan ba ya nufin ya taɓa cewa ya yi. Wataƙila na zalunce shi da wannan tunanin.

Gwaji na uku bayan an fara girbi ne. Na aika aka kira Sanusi, ya zo ya tsaya can baya da hularsa a hannu. Direbobi huɗu suka biyo Baba don su sha kallo. Na yi lodi: masara shida, fasinja shida. Baba ya tashi motar, ta ɗaga da ƙyar tana nishi. Da ya hau kan tudu sai wani direba ya ce, "Baba, yi irin na yaron mu gani, jira kukar." Ya jira kuka, ya taka birki. Motar ta ci gaba, gindinta ya fara kaɗawa, sitiyari ya saki a hannunsa. Sai muka ji dattijo ya ɗaga murya, "Innalillahi! Ku riƙe!" har yana waiwayawa baya, inda babu kowa sai bango da kalanda. Motar ta sauka cikin gona, a gefen kwalbati, kusan daidai inda ta Sanusi ta sauka.

Direbobi suka fashe da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Haka take yi. Wallahi haka take yi." Ya tashi ya nuna Sanusi. "Kai, zo zauna."

Sanusi ya zauna. Kafin ya taɓa giya ya tambaye ni, "Me aka ɗora?" Na faɗa masa. Tun daga kan tudu ya koma giya ta biyu, ya wuce kuka ko kallonta bai yi ba, ya shiga kwana a hankali har wani ya ce ko jaki ya fi shi sauri. Baba ya sa na canja lodin sau huɗu ba tare da an gaya wa Sanusi ba, duk ya haye kwalbati. A ƙarshe Baba ya ce, "Zai bi ni kasuwa uku a motata, shi ke tuƙi ni ina gefe. In na gamsu, ni zan je wajen mai motar da kaina." Ya juyo gare ni. "Kai kuma duk wanda ka koyar, wajena zai biyo kafin ya ɗau mutum. Talabijin ɗinka ba ya ba da makulli." Na ce na yarda, kuma da an tambaye ni tun farko da haka zan so.

Bayan kasuwa ta uku aka mayar wa Sanusi makulli. Yau shekara uku ke nan yana hanyar.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi jawo mani surutu. A hanyar Safana ta cikin kwamfutata, mota ba ta tashi sai an yi mata lodi. Fenti na nan, sitika na nan, hon mai kukan tirela na nan, amma kafin ka kai gare su sai ka zaɓi buhu da fasinja da irin taya. Kullum sai an samu mai cewa, "Injiniya, don Allah cire mana kayan nan, motar ba ta gudu." In ce masa filin tsere na nan, ya je ya yi ta zagaye. In ya ce shi gari yake son fita, to gari da kaya ake fita.

Samarin nan biyu kuwa, da suka dawo jin amsa, na miƙa wa kowannensu igiya, na ce ranar kasuwa su sami Baba Lawal da asuba, su sa tsofaffin riguna. Babban ya juya igiyar a hannu ya ce, "Yallaɓai, mu fa kwamfuta muka zo koya." Ina cikin neman yadda zan yi masa bayani sai ga hon a ƙofar shago. Sanusi ne, but a buɗe, buhuna har sama, gindin mota na kusa da ƙasa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Farfesan Igiya! Ruwan jiya ya cinye gefen kwalbatin nan, taka ta cikin talabijin kuwa na tabbata tana nan lafiya lau. Ka je ka auna kafin ka sake jefa wani a gona."

Na ɗauko tef da tiyo daga ƙarƙashin tebur. Ƙaramin cikin samarin ya ce zai riƙe mani sanda. Babban ya ajiye igiyarsa a kan kujera, ya ce zai je ya dawo.